Ƙaramar Sakandare: Shekaru Ukun da Muke Sakin Hannun 'Ya'yanmu

A makon da aka koma makaranta bayan dogon hutu, na iske wani maƙwabcina a ƙofar gidansa da hantsi, ɗansa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare yana tsugune yana wanke masa babur. Bayan mun gaisa na tambaye shi ko lafiya yaron bai tafi makaranta ba, sai ya ce, "Haba Malam, ai makon farko ba a karatu, shara da cire ciyawa kawai ake sa su. Kuma ai yanzu ya girma, idan an fara shi zai faɗa mini." Maganar ta tsaya mini a rai, domin mutumin nan ba mai ƙin boko ba ne. Shi da kansa yake ɗaukar ƙannen yaron a babur ya kai su firamare kowace safiya, ya tsaya har sai sun shige ƙofa.

Na san ba shi kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu da zarar yaro ya gama aji shida ya canza yunifom, sai mu ji mun sauke nauyi, saura nasa. Ni kuwa ra'ayina shi ne, shekaru ukun ƙaramar sakandare su ne lokacin da yaro ya fi buƙatar idon gida a duk tsawon karatunsa, kuma su ne daidai lokacin da gidajenmu suke janye idon. Ƙananan abubuwan da makarantu ke ta nanata wa iyaye, wato zuwa a kan lokaci, karin kumallo, littafin rubutu, barcin dare da halartar taron iyaye, waɗanda wasunmu ke ɗauka surutun malamai ne kawai, a kansu ne ake samun yaro ko a rasa shi a wannan mataki.

Abin da yake canzawa bayan aji shida

Tun daga 1982, lokacin da Najeriya ta fara aiki da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku da uku a sakandare, huɗu a jami'a), aka raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba, shekara uku-uku. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta haɗa firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara na karatu kyauta kuma dole. Dokar ta ɗora wa iyaye nasu nauyin, inda ta ce wajibi ne uba ko mai riƙo ya tabbatar ɗansa ya shiga kuma ya kammala, har ta tanadi gargaɗi a karon farko ga wanda ya ƙi, sannan tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Ba kira nake a fara kama iyaye ba. Na kawo wannan ne don mu san cewa ko a idon hukuma, ɗan aji ɗaya zuwa uku na sakandare yana cikin karatun tushe ne, bai fita daga hannun iyayensa ba.

A takarda shekara taran a jere suke, amma a rayuwar yaro akwai babban tsalle tsakanin aji shida da ajin da ke binsa. A firamare malami ɗaya ne yake riƙe da aji mafi yawan yini, ya san wanda bai zo ba, ya san wanda ya zo da yunwa, sau da yawa ma ya san gidan su yaron. A sakandare malamin lissafi zai shigo ya yi minti arba'in ya fita, na Turanci ya shigo, na kimiyya ya biyo baya, kowannensu yana da azuzuwa da dama da zai zagaya, kuma a makarantun gwamnati na manyan biranenmu ba abin mamaki ba ne a iske ɗalibai sama da ɗari a aji guda, wasu a benci wasu a ƙasa. A irin wannan aji yaro zai iya ɓacewa mako guda cur babu wanda ya ankara, in dai akwai abokin da zai amsa masa suna a rajista.

Ga kuma harshe. Yaron da malamarsa ta firamare take fassara masa komai da Hausa, yanzu an cika masa allo da Turanci an ce ya kwafa, kuma da Turancin za a yi masa jarrabawa a kusan kowane darasi. Ga nisa, domin ƙananan sakandare ba su kai firamare yawa ba, wanda a da layi biyu yake tsallakawa ya isa makaranta, yanzu sai ya fita daga unguwarsu zuwa inda babu wanda ya san shi balle ya tsawata masa. Ga jikinsa da yake canzawa tsakanin shekara 12 zuwa 15, lokacin da maganar aboki ta fi ta uba daɗi a kunne, kuma kunya take hana yaro buɗe baki ya ce bai gane ba.

Hukumar UNICEF ta ba da alƙaluma cewa kimanin yara miliyan 10.2 'yan shekarun firamare da miliyan 8.1 'yan shekarun ƙaramar sakandare ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya. Mu lura cewa firamare shekara shida ce, ƙaramar sakandare kuwa uku, saboda haka idan aka auna da yawan azuzuwa, zubewar da ake yi a mataki na biyun ta fi muni nesa ba kusa ba. Wasu daga cikin yaran nan ba su taɓa shiga aji ba, amma wasu sun shiga, sun sa yunifom, sai suka riƙa zamewa sannu a hankali, yau latti gobe fashi, har ranar da aka daina tambaya.

Makon farko, da safiyar kowace rana

Maganar makon farko ta fi kowace yaɗuwa. Iyaye suna cewa ba sa tura yara saboda malamai ba su fara koyarwa ba, malamai kuma suna cewa ba su fara ba saboda aji babu kowa, ba za su yi darasi ga yara goma su sake maimaita shi ga tamanin ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma kowanne yana jiran ɗayan ya motsa. Gida ne ya fi sauƙin motsawa, domin magana ɗaya ce maigida zai yi da daddare. Idan aji ya cika ranar Litinin ɗin farko, malami ba shi da hujjar zama a ofis, shugaban makaranta kuma ya samu bakin tuhumarsa.

Mu yi lissafi. Zangon karatu bai cika wuce mako 13 ba. A cire makon farko, a cire makon jarrabawa da wanda ke binsa, da yara ke daina zuwa saboda wai an gama, a cire ranakun Juma'a da wasu gidaje suka mayar hutu saboda ana tashi da wuri, a karkara kuma a cire ranar kasuwa da kwanakin girbi, waɗanda suke faɗowa a tsakiyar zangon farko. Abin da ya rage bai isa a gama manhajar da aka tsara ba. Sannan makin ƙarshen zango ba daga jarrabawa kaɗai yake fitowa ba, kaso mai yawa na gwaje-gwajen aji ne da aikin gida, abin da malamai ke kira C.A. Yaron da bai zo ranar gwaji ba ya yi asarar makin nan, komai ƙoƙarin da zai yi ranar jarrabawa.

A ganina latti ya fi fashi ɓarna, domin shi ba a ganinsa daga gida. Yaro ya fita da yunifom da jaka, uwa ta ga fitarsa, hankalinta ya kwanta. Amma galibin makarantu da safe suke sa lissafi da Turanci, don haka wanda ya saba isowa bayan ƙarfe tara, darussan da sauran suka dogara a kansu ne yake rasawa kullum. Mafi muni kuma, yaron da ya hango firifet da bulala a bakin ƙofa yakan gwammace ya juya. Duk wanda ya taɓa bi ta bayan katangar makarantar jeka-ka-dawo da misalin ƙarfe goma ya san abin da nake nufi: yara uku ko huɗu a gindin bishiya ko a cikin kangon da ba a gama ginawa ba, an tuɓe rigar makaranta an cusa a jaka, an haɗa kai a kan waya guda, ana jiran a ji ƙararrawar tashi a bi sahun masu komawa gida. A irin wannan zama ne ake koyon sigari, daga nan a wuce zuwa abin da ya fi ta. A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai sinadarin kodin saboda yadda matasa suka mayar da shi kayan maye, amma babu dokar da za ta shiga kangon nan ta kora yaro zuwa aji, sai wanda ya san yaron.

Lattin safe kuwa tun dare yake farawa. Likitoci suna cewa yaro mai waɗannan shekaru yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wasannin ƙwallon Turai na tsakiyar mako da ƙarfe takwas ko tara na dare ake fara su a agogonmu, wanda aka bari ya tafi gidan kallo ba zai kwanta ba sai wajen sha biyu, bayan an gama musun wanda ya ci da wanda ya ɓarar. Wanda bai fita ba kuma yana cikin bargo da wayar yayansa. Da asuba a tashe shi salla, a tura shi bin layin famfo, ya dawo a aike shi sayen ƙosai, sannan ya fara neman takalminsa. Idan hunturu ya shigo abin ya ƙara lalacewa. Ban ce a daina aiken yaro ba, domin aikin gida tarbiyya ne, abin da nake cewa shi ne a duba agogo. Ɗebo ruwa, wankin yunifom da haɗa jaka duk aikin yamma ne, bai kamata a bar su sai gari ya waye ba.

Batun karin kumallo ma akwai kuskuren fahimta a cikinsa. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, ko a inda ya yi aiki, na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne na firamare, ɗan sakandare ba ya ciki. Wanda aka damƙa wa kuɗin tara aka sallame shi ciki babu komai, zai yi darasi uku ko huɗu da yunwa kafin a fita tara, kuma ɗumamen tuwon jiya ya fi masa wannan kuɗin amfani.

"Ni ban yi boko ba, me zan duba?"

Wannan ce hujjar da na fi ji, kuma ina girmama masu faɗinta domin da gaske suke. Amma mu dubi yadda iyayen nan suke yi da Islamiyya. Uwar da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba ta san izun da 'yarta take, ta san sunan malamin hadda, ta san ranar da aka yi fashi, kuma idan yarinya ta kwana biyu ba a ji tilawarta ba, za a tambaye ta dalili. Ashe mun iya sa ido, gadonsa muka yi. Abin da ya rage shi ne mu yarda cewa makarantar safe ma tamu ce.

Duba littafin rubutu ba ya buƙatar Turanci. A sa yaro ya zazzage jakarsa a kan tabarma bayan sallar isha'i, ko da sau ɗaya a mako. Wanda bai iya karatu ba ma yana gane lamba, zai ga kwanan watan da ke saman shafi ya san ko na wannan makon ne ko tun na watan jiya. Zai ga jan biron malami ko rashinsa. Zai ga littafin da aka fara da rubutu mai tsabta, shafi goma a cike, daga nan farar takarda har ƙarshe. Zai ga littafi guda da aka cusa wa darussa biyar saboda sauran sun ɓace ko ba a saya ba, zai ga kuma inda aka yayyage tsakiya. Sannan a ce masa, "Faɗa mini da Hausa abin da malam ya koya muku yau." Yaron da ya gane zai faɗa ko da a karkace, wanda ya kwafi allo kawai zai yi shiru, kuma gara a ji shirun nan a watan Oktoba da a tarar da shi a takardar sakamako a watan Disamba.

Ita ma takardar sakamakon, tambaya ɗaya muka saba yi a kanta: "Na nawa ka zo?" Zuwa na goma a ajin da kowa ya faɗi lissafi ba abin murna ba ne, wanda ya zo na arba'in kuma amma makinsa ya ɗaga daga na zangon baya, ya cancanci yabo. A duba makin lissafi da na Turanci daban, a duba layin da ke nuna kwanakin da aka buɗe makaranta da kwanakin da yaro ya halarta, a sa wani ya karanta abin da malamin aji ya rubuta. A ƙarshen aji uku akwai jarrabawar BECE, kuma daga ƙoƙarin shekarun nan ne ake raba yara zuwa ajin kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci. Uban da yake burin ɗansa ya zama likita amma bai farka ba sai an zo biyan kuɗin WAEC, ya makara da shekara uku, kuma irin wannan makarar ce take tura iyaye masu mutunci neman inda za a rubuta wa 'ya'yansu amsa a allo.

Akwai kuma al'adarmu ta alkunya, musamman ga ɗan fari, wanda uwa da uba ba sa sakewa da shi, wani lokaci ko sunansa ba sa kira. Ban raina wannan al'ada ba, kuma ita da kanta ta tanadi mafita, domin akwai kawu, akwai baffa, akwai gwaggo da kaka da yaya. Abin da ake buƙata shi ne a fito fili a ɗora wa mutum ɗaya, a ce masa kai ne za ka riƙa duba littattafan wane, kai ne za ka san malamin ajinsa. Muna cewa ɗa na kowa ne, amma a gidan yawa sau da yawa abin da aka bar wa kowa babu mai yin sa.

"Talauci ne"

Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin hawa A Daidaita Sahu ya zama babban lissafi ga gidan da ke da yara biyu ko uku a sakandare. Karatu kyauta ne a doka, amma yunifom da takalmi da littattafan rubutu na darussa kusan goma duk daga aljihun uba suke fita. Uwar da ta ɗora wa 'yarta farantin talla da ribar take cefane, da ita kuma take tara kayan ɗaki. Duk wanda zai yi wa iyaye wa'azi a kan makaranta bai yarda da wannan ba, bai san gidajenmu ba.

Duk da haka, mafi yawan abin da na lissafa ba ya cin ko sisi. Kwanciya da wuri, fita da wuri da buɗe jaka ba sa buƙatar kuɗi. Tallar da ba za a iya dainawa ba, a mayar da ita bayan tashi daga makaranta da ranakun Asabar da Lahadi, a bar wa yarinya safiyarta. Idan yunifom ya yage ko takalmi ya tsinke, maimakon a zaunar da yaro mako biyu a gida saboda jin nauyi, a je a gaya wa malamin aji, domin malamai da yawa za su ɗaga ƙafa idan sun ji daga bakin babba. Ya kamata kuma iyaye su san cewa dokar 2004 ɗin nan ta haramta karɓar kuɗin makaranta a firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati, har da tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓa. Gudummawar da taron iyaye ya amince da ita daban ce, amma ba daidai ba ne a kori yaro daga aji saboda ita, kuma uba yana da ikon faɗin haka cikin ladabi.

Akwai tunatarwa guda da ba a rubuta ta a takardar sanarwa, alhali tana cin kwanakin 'yan mata fiye da yadda muke zato. A waɗannan shekarun ne mafi yawansu suke fara al'ada. Yarinyar da makarantarsu ba ta da banɗaki mai ƙofa da ruwa, ko wadda tsoron ɓacin yunifom a gaban maza ya cika mata rai, za ta ce kanta ke ciwo ta zauna gida kwana uku ko huɗu a kowane wata, babu wanda zai tambaya saboda kowa yana jin nauyin maganar. Aikin uwa ne ko gwaggo ta shirya ta tun kafin ranar ta zo, ta tanadar mata audugar mata ko tsumma mai tsabta, ta kuma haɗa ta da wata malama da za ta iya zuwa wurinta. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno suke cikin jihohin farko da suka shiga, ya haɗa da gyaran azuzuwa da banɗakuna da tallafin kuɗi ga gidaje marasa ƙarfi don 'yan mata su zauna a sakandare. Iyaye suna da haƙƙin tambaya ko makarantar 'ya'yansu tana ciki, da abin da aka yi da kuɗin.

"Laifin gwamnati ne"

Akwai laifin gwamnati, kuma babba ne. Jihar Kano ta ayyana karatu kyauta kuma dole a 2019, sannan a watan Yunin 2024 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, wanda shi kansa amincewa ne cewa abin ya lalace. Hukumar UBEC, mai kula da ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, tana samun kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma an sha jin kuɗin jihohi sun kwanta a Abuja saboda ba su kawo nasu kason ba. A wasu yankunan kuma maganar ta wuce ta benci da alli. Bayan satar ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, uban da ya ji tsoron tura ɗansa a irin waɗannan wurare ba ni da bakin zarginsa.

Amma yawancin yaran da nake magana a kansu a garuruwan da ake zaune lafiya suke, makarantar kuma a buɗe take. Kuma makarantar da iyaye ba sa leƙawa ita ce ta fi saurin lalacewa. Malamin da ya san cewa a ajinsa akwai yara biyar da ake buɗe littattafansu a gida, ba zai yi wata guda bai duba aikin da ya bayar ba. Akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kwamitin kula da makaranta na SBMC da aka tsara don mutanen unguwa su samu ta cewa, amma idan an kira taro sai a ga kujeru a jere babu mutane, waɗanda suka zo ɗin su yanke hukunci, waɗanda ba su zo ba su yi ƙorafi a majalisa da yamma. Wasunmu kuma ba sa taka makaranta sai ranar da aka daki ɗansu, su je da faɗa. Zuwa ɗaya a farkon zango, a gaisa da malamin aji, a ce, "Malam, ni ne mahaifin wane, ga lambata, duk abin da ka gani ka kira ni," ya fi zuwa goma na rigima amfani.

Su ma makarantu su gyara yadda suke kiranmu

Ba zan ɗora komai a kan gida ba, domin makarantu da yawa su ne suka koya wa iyaye gudun taro. Idan duk takardar da ta zo gida ta neman kuɗi ce, duk kiran da aka yi wa uba kuma don a tsayar da shi a ofis a karanto masa laifin ɗansa ne, dole mutum ya riƙa jin faɗuwar gaba idan ya ga takardar makaranta. Sannan a rubuta sanarwa da Turanci, a damƙa ta a hannun yaron da ake son kai ƙararsa, a yi mamakin da ba ta isa ba. A rubuta da Hausa, a aika da saƙon murya a WhatsApp ga masu shi, a bi ta limamin unguwa da mai unguwa ga waɗanda ba su da shi. A sa taro a lokacin da ɗan kasuwa da lebura za su iya zuwa, kuma a ware wa iyaye mata zama da malamai mata, tunda su ne suke ganin fitar yaro da dawowarsa.

A farkon kowane zango a ba kowane gida takarda guda mai ɗauke da ranar fara darasi, ranakun gwaji, ranar jarrabawa da ranar hutu, kuma makaranta ta cika alkawarin fara koyarwa a ranar da ta rubuta. A sake tunani a kan bulalar bakin ƙofa, domin hukuncin da ke sa mai latti ya juya ya koma kango ya ƙara masa fashi ne a kan lattin. A bar shi ya shiga aji, a rubuta sunansa, a hukunta shi bayan tashi, idan ya maimaita a kira gida.

Abin da na fi so in ga kowace ƙaramar sakandare ta ɗauka shi ne kowane malamin aji ya riƙe lambar wayar wani babba daga gidan kowane ɗalibi, idan yaro ya yi kwana biyu a jere bai zo ba, a kira a rana ta uku. Kuɗin katin da za a yi wannan kira da shi, idan aka kawo maganarsa gaban taron iyaye, ban ga uban da zai ƙi amincewa a fitar da shi daga asusun ƙungiya ba.